Waƙafi Ɗaya a Wasiyyar Manomi

Akwai wani mutum, manomi ne, a wani ƙauye da ke bakin kogi. Yana da fadama wadda ba ta bushewa ko a tsakiyar rani. Da damina ya shuka shinkafa, da rani ya dasa albasa da tumatir. Allah kuwa ya ba shi 'ya'ya maza biyu, babban Irimiya, ƙaramin Nuhu.

Wata shekara cutar amai da gudawa ta shigo ƙauyen, ta ɗauke maƙwabcinsa da matarsa cikin mako guda. Suka bar yara biyu, Habila da ƙanwarsa Liyatu. Dangi suka taru suna duban juna, kowa yana cewa rumbunsa bai cika ba bana. Manomin ya tashi ya kama hannun Habila, matarsa ta goya Liyatu, suka shige gida da su. Tun daga ranar akushi ɗaya yaran huɗu suke ci. In baƙo ya tambaya waɗanne ne nasa, sai ya ce, "Duka 'ya'yana ne."

Yara suka girma. Irimiya da Nuhu suka riƙe fartanya. Habila ya zama ɗan kasuwa, yana sayen albasa yana kaiwa birni. Liyatu ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gida da yara uku, tana ciyar da su da abin da take nomawa a gefen fadamar.

Da manomin ya tsufa, matarsa kuma ta riga shi, sai ya fara tunani. Ya san al'adar garinsu: ƙasa ta 'ya'yan ciki ce kaɗai. Ranar da ya rufe ido, marayun da ya raina ba su da ko taku ɗaya. Sai ya cika kwando da albasa, ya shiga mota zuwa birni, wurin wani lauya mai suna Gayus.

Gayus ɗan ƙauyen ne, kuma duk yankin an san shi da Turanci. An ce in ya miƙe a kotu yana magana, har magatakarda sai ya laluɓi ƙamus. A ranar kuwa yana sauri, gama yana da shari'a da ƙarfe goma.

Tsohon ya ajiye kwando, suka gaisa, ya ce, "Barista, yamma ta yi mini. Ina so ka rubuta mini wasiyya. Fadamar nan ta 'ya'yana ce, da Habila, da Liyatu. A raba musu daidai."

Gayus ya jawo tafireta ya fara bugawa da Turanci, yatsunsa suna gudu kamar ruwan sama a kan kwano.

Tsohon ya ce, "Ka sa sunan Irimiya da na Nuhu ma."

Gayus ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba sai an sa ba. Tun da mun ce 'ya'yanka, ai suna ciki. Wannan aikinmu ne."

To, ku buɗe kunne a nan, domin nan ne zancen yake. Mu a Hausa in muna jera mutane, "da" muke maimaitawa: da wane, da wane, da wance. Turanci ba ya yin haka. "Da" ɗaya tak yake sawa, can kafin sunan ƙarshe, sauran wuraren kuwa sai ya sa waƙafi, wannan ɗan ɗigon mai wutsiya da malamai suke koya muku a makaranta. Amma waƙafin nan yana da aiki na biyu. Wani lokaci ma'anarsa "wato". Gayus ya buga "'ya'yana", ya sa waƙafi, ya buga "Habila da Liyatu", ya wuce. A zuciyarsa ya jera kashi uku na mutane. A kan takarda kuwa, mai karatu yana iya karantawa haka: "'ya'yana, wato Habila da Liyatu." Da ya ƙara waƙafi ɗaya bayan sunan Habila, da jerin ya fito fili. Da ya bi maganar tsohon ya rubuta suna huɗu, da ba mai ta da zance har abada.

Da ya zare takardar, tsohon ya ce, "Karanta mini in ji."

Gayus ya dubi agogo. Hannunsa ɗaya yana riƙe da takardar, ɗayan yana neman baƙar rigarsa ta kotu. Bai dubi rubutun ba. Ya maimaita wa tsohon da Hausa abin da ya ji daga bakinsa ɗazu: "Fadamar ta 'ya'yana ce, da Habila, da Liyatu, a raba daidai."

Tsohon ya ce, "Madalla. Haka na faɗa." Ya dangwala yatsa, shaidu suka sa hannu. A ƙasan takardar Gayus ya sa nasa hannun, a kan cewa ya karanta wa mai wasiyya kalma bayan kalma, ya kuma fassara masa.

Bayan damina biyu manomin ya rasu. Aka yi jana'iza, aka gama karɓar gaisuwa, Gayus ya zo ya faɗa wa iyali abin da wasiyya ta ce, yadda shi ya san ta. Ba wanda ya yi gardama. Suka raba fadamar huɗu, suka dasa gamba a kan iyakoki, kowa ya kama nasa.

Ana nan sai wani kamfanin shinkafa ya zo yana son sayen fadamar gaba ɗaya. Irimiya ya ce gumin ubansa ba na sayarwa ba ne. Nuhu da Liyatu suka bi bayansa. Habila kuwa ya daɗe yana mafarkin sayen babbar mota ta ɗaukar kaya, sai ya ɗauki kwafin wasiyyar ya tafi wurin lauyar kamfanin, don ya nuna mata yana da kashi ɗaya cikin huɗu da zai iya sayarwa.

Matar ta karanta. Ta sake karantawa. Ta cire tabarau ta dube shi ta ce, "Malam Habila, wa ya gaya maka kashi ɗaya cikin huɗu ne naka?"

Ya ce, "Haka Baba ya bari."

Ta juyo masa da takardar, ta ɗora bakin biro a kan waƙafin ta ce, "Takardar nan mutum biyu ta sani, kai da Liyatu. Su sauran ba su a ciki."

Habila ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya san sarai ba haka tsohon ya nufa ba. Ya san wanda ya koya masa riƙon lauje, ya san Irimiya ne ya goya shi zuwa asibiti ranar da maciji ya sare shi. Can ya ce, "To, in haka takarda ta ce, me za a yi?"

Ya je ya sami Liyatu tana ba albasa ruwa, ya gaya mata. Bokitin ya suɓuce daga hannunta. Ta ce, "Yaya, ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa? Gidan da ya ɗauke mu ranar da danginmu suka juya mana baya?"

Ya ce, "Ba ni na rubuta ba."

Ta ce, "Amma ka san abin da Baba ya faɗa. Kada ka sa sunana a wannan abu."

Bai ji ba. Ya shigar da ƙara.

Irimiya yana cikin gona, laka har gwiwa, aka kawo masa sammaci. Da aka fassara masa, ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ko wanke ƙafa bai yi ba ya kama hanyar birni, ya faɗa ofishin Gayus ya ajiye takardar a gabansa.

Gayus ya karanta ya fashe da dariya. Ya ce, "Wannan shirme ne. Ni na rubuta wasiyyar da hannuna." Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya zaro ta, ya fara karantawa da ƙarfi da Turanci. Da ya iso layin, muryarsa ta tsaya. Ya koma farko. Ya bi layin da yatsa. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

Irimiya ya ce, "Barista, mene ne?"

Gayus ya juyo masa da takardar, ya ɗora yatsa a kan waƙafin.

Ranar shari'a rabin ƙauyen ya cika kotu. Lauyar kamfanin, wadda ta tsaya wa Habila, ta kira wani dattijon ikkilisiya ta tambaye shi, "Marigayin yana kiran Habila da Liyatu 'ya'yansa?"

Dattijon ya ce, "Ƙwarai kuwa! Bai taɓa bambanta su ba, ko sau ɗaya." Ya faɗa da farin ciki, yana tsammani yabon mamaci yake yi.

Ta ce, "Mai shari'a ya ji. Da marigayin ya ce 'ya'yansa, ya kuma faɗi sunansu, su yake nufi." Dattijon ya gane abin da aka yi da maganarsa, ya dafe kai da hannu biyu.

Sa'an nan aka kira Gayus. Ya yi rantsuwa, ya ce tsohon mutum huɗu ya nufa. Alƙali ya ɗaga takardar ya ce, "Barista, kai kake gaya mini abin da mamaci ya nufa, ga kuma rubutunka yana faɗin wani abu dabam. A ƙasa ka sa hannu cewa ka karanta masa wannan rubutu kalma bayan kalma. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka karanta masa, ko ba ka karanta ba?"

Gayus ya san abin da ke gabansa. In ya ce ya karanta, sunansa ya tsira, Irimiya da Nuhu kuwa sun rasa gonar ubansu. In ya ce bai karanta ba, ya shaida da bakinsa cewa ya sa hannu a kan ƙarya. Ya riƙe katakon da ke gabansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban karanta ba. Abin da ya faɗa mini na mayar masa. Idona bai sauka a kan takardar ba."

Mutane suka ɗauki salati da "Kai!" da "Wayyo!" har sai da aka buga tebur. Irimiya ya sauke numfashi, yana tsammani an gama. Ashe ba a gama ba.

Alƙali ya ce, "Mutumin da bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba, wannan ba wasiyyarsa ba ce. Takardar ta faɗi. Tun da babu wasiyya, al'adar garin ce za ta raba gado. Fadamar duka ta 'ya'yan cikinsa ce, Irimiya da Nuhu. Habila da Liyatu ba su da kome." Ya ƙara da cewa, "Na gaskata tsohon nan kashi huɗu ya so. Amma ba ni da hanyar da zan bi in kai can. Wanda aka ba aikin gina hanyar bai gina ta ba."

Liyatu ta sulale ta zauna a ƙasa. Ita da ba ta kai ƙarar kowa ba, ita da ta ce kada a sa sunanta, ga shi abincin 'ya'yanta uku ya tafi. Habila kuwa ya tsaya yana duban alƙali, yana duban lauyarsa, kamar wanda aka yi wa magana da wani yare. Ya zo ɗaukar rabi, ya tashi ko kashin da ke hannunsa babu. Abin da tsohon ya shiga mota ya je birni don ya hana, shi ne ya faru daidai.

Irimiya ya koma gida da fushi mai zafi. Ya ɗauki fartanya ya tumɓuke gambar da ke kan iyakoki, ya ce daga yau bai san wani maraya ba. Mako uku Liyatu ba ta taka fadamar ba, albasarta tana bushewa tana gani daga nesa.

Ran nan Gayus ya zo ƙauyen, ba mota, ba baƙar riga, gama an dakatar da shi daga aiki. Ya sami Irimiya da Nuhu a ƙofar gida, ya durƙusa a gabansu, shi da yake sa manya su yi shiru a kotu. Ya ce, "Ban zo neman gafara don kaina ba. Na zo in faɗa muku maganar mahaifinku yadda ta fito daga bakinsa, tun da na kasa rubuta ta. Ya ce da Habila, da Liyatu. Har ya ce in sa sunanku, na ce masa ba sai an sa ba."

Irimiya ya ce, "Barista, ɗigo ɗaya ka rusa gidanmu da shi."

Gayus ya ce, "Haka ne."

Nuhu, wanda ba shi da yawan magana, ya ce, "Yaya, kotu ta ba mu. Amma Baba bai ba mu ba."

Irimiya ya miƙe tsaye. Sa'an nan ya aika a kira Liyatu. Aka sami wani lauya ya rubuta sabuwar takarda, aka jera suna huɗu, kowanne a layinsa, aka karanta da Turanci, aka fassara da Hausa layi bayan layi a gaban dattawa. Liyatu ta koma kan albasarta, ko da yake ta wannan shekara ta riga ta lalace. Habila kuwa tun ranar shari'a bai sake kwana a ƙauyen ba. Aka aika masa sau uku cewa sunansa yana cikin takardar, kunya ta hana shi zuwa. Kashinsa yana nan, ciyawa ta rufe shi. Irimiya bai noma shi ba, bai kuma bar kowa ya noma ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta.

Manomin nan ya yi nufin alheri, ba wanda zai ce bai yi ba. Amma alherinsa sai da ya bi ta hannun wani kafin ya isa, a hannun nan kuwa ya zube. Kowannenmu Gayus ne a wani wuri. An ba ka saƙo ka kai. An ce ki faɗa wa surukarki abin da mijinki ya ce. An sa ka rubuta abin da dattawa suka yanke a taro. Maganar ba taka ba ce, amana ce, mai ita kuwa wataƙila ba zai kasance a wurin ba ranar da za a buɗe ta. Gayus ba ɓarawo ba ne, bai ci hanci ba, bai ƙi kowa ba. Ya dai iya aikinsa har ya daina duba shi. Sanin Turancinsa bai cece shi ba, shi ne ma ya sa ya ƙi jin tsohon da bai taɓa shiga aji ba, alhali tsohon ne yake da gaskiya.

Ni kaina na taɓa yin irin wannan. Sa'ad da nake magatakardan ikkilisiya a wani ƙauye, aka ce in rubuta sunayen matan da suka ɗebo yashi don ginin majami'a, a karanta ranar godiya. Na rubuta na gaji, na ce "da sauransu". A cikin sauransu ɗin nan akwai wata tsohuwa da ta fi kowa sawu, da ciwon gwiwa take zuwa rafi. Ba ta ce da ni kome ba. Kujerarta dai ta zauna ba kowa wata bakwai, ni kuwa ina ta tambaya ko lafiya. Sai daga baya na gano dalili. Kalma biyu na rubuta don in huta.

Ku 'yan makaranta da kuke cewa waƙafi da aya ƙananan abubuwa ne, malami yana takura muku a banza, ku tuna wata rana gonar wani, ko 'yancin wani, ko sunan wani zai rataya a kan alƙalaminku. Ku koyi karanta abin da kuka rubuta da ido, ba da zuciya ba, gama zuciya takan karanta abin da ta yi niyya, ido kuwa abin da ke kan takarda.

Amma kada mu ɗora wa Gayus kaya duka mu tafi gida da sauƙin rai. Kuskure ya buɗe ƙofa, Habila ne ya shiga da ƙafarsa. Ya san gaskiya sarai, ya ɓuya a bayan "ba ni na rubuta ba". Mu nawa ne muke yin haka da Maganar Allah? Mun san abin da Ubangiji yake nufi, amma muna laluben wata 'yar kafa a cikin kalmomi da za ta ba mu izinin yin abin da muka riga muka so. Mukan ce, "Ai ba a ce kada a yi kaza ba." Alƙalin duniya ba ya iya tambayar mamaci abin da ya nufa. Amma wanda za mu tsaya a gabansa rayayye ne, shi ya faɗi maganar, ya kuma san mun gane ta.

Irimiya kuwa doka ta ba shi duka, ba wanda zai kama shi da laifi in ya riƙe. Ya saki, ba don takarda ta tilasta shi ba, sai don ya san zuciyar ubansa. Wannan shi ne bambancin ɗa da baƙo a gidan Allah.

Saboda haka kafin mu tashi, kowa ya tambayi kansa. Wace magana aka ba ni amana na rage mata wani abu? Wa ya daina gaishe ni, ban kuwa taɓa tsayawa na bincika ko wata 'yar kalma tawa ce ta kore shi ba? In wani suna ya faɗo maka a rai yanzu, kada ka jira wata Lahadi. Mai sunan yana da rai, kai ma kana da rai, ƙafarka kuma tana iya kai ka ƙofar gidansa kafin tuwon rana ya huce.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.